Gafiyar da Ta Binne Albasar Gara

An yi wata Gafiya da wata Bushiya da suke noman albasa kusa da juna a bakin wata fadama. Gafiya akwai son a yaba mata, in ta yi abu so take duk daji ya sani. Bushiya kuwa ba ta da gaggawa, sai dai harshenta ya fi ƙayarta tsini. Na ukunsu Kwaɗo ne mai yi musu ban ruwa, shi ke kai gulmar wannan wurin waccan.

A shekarar aka sa bikin 'yar Gafiya sai damina ta sauka, daidai lokacin da albasa ke wuyar samu. Gafiya ta bugi ƙirji a gaban dangin ango ta ce, "A cikin garar 'yata za ku ga albasar da ba ku taɓa gani ba."

Daga nan ta shiga aiki. Ta huda buhun takin zamani a bukkar wani manomi, ta riƙa kwasowa tana zuba wa albasarta ba awo. Ganye ya yi kore shar, 'ya'yan suka kumbura kamar tulu.

Bushiya kuwa ruɓaɓɓen kashin awaki da toka ta zuba tun kafin dashe. Na zamanin kaɗan ta sa, tun albasar tana ƙarama, ta tsaya a nan.

Gafiya ta leƙo ta ce, "Maƙwabciya, wannan albasa ce ko goro kika shuka?"

Bushiya ta ce, "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Dubi wuyan albasarki, ya yi kauri. Ruwa ne fal a ciki, ba za ta ajiyu ba."

"Hassada!" in ji Gafiya. "Malam Kwaɗo, ƙara mata ruwa!"

Kwaɗo ya ce, "An gama, Hajiya. Ni dai ban taɓa ganin wanda ruwa ya yi wa illa ba."

Da ganyen albasa ya fara kwanciya, Bushiya ta hana Kwaɗo taka lambunta. Ta bari ƙasa ta bushe, sannan ta cire. Ta shanya albasar a inuwa har wuyan ya ƙanƙance, ɓawon ya riƙa ƙara in an taɓa. Ta ware masu rauni don miya, sauran ta jera su a rudu, wato ɗan ɗakin kara da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa ko'ina.

Gafiya kuwa har ranar cira ana kwarara wa tata ruwa. Da ta ga rudun Bushiya ta yi dariya har da riƙe ciki.

"A fili za ki bar dukiya? Ɓarayi fa?"

Bushiya ta ce, "A fadamar nan ɓarawo ɗaya na sani, kuma muna gaisawa kullum."

Gafiya ta yi kamar ba ta ji ba. Da yake ita kowa ɓarawo take ɗaukarsa, sai ta yi abin da kakanninta ke yi da gyaɗa. Ta janye albasar da danshinta zuwa ƙuryar raminta, ta tara ta tsibi guda, ta toshe ƙofa da laka.

Zafin bazara ya zo ya wuce, hadari ya haɗu, biki ya rage jibi. Gafiya ta gayyato maƙwabta su zo su sha kallo. Tana fasa ƙofar ramin, wani wari ya bugo, har Kwaɗo ya yi tsalle ya faɗa rijiya. Albasar nan duk ta narke ta zama baƙin ruwa, 'yan da suka tsira kuma sun yi tsiro.

Gafiya ta zauna daɓas ta fashe da kuka. "Wayyo, da wane ido zan kalli surukai? 'Yata za ta shiga gidan miji da gori!"

Tausayi ya kama Bushiya. Ta ja ta zuwa rudu ta buɗe. Ga albasa jajaye, masu tauri, kamar jiya aka cire su.

Ta ce, "Ɗebi goron nan ki cika kwandunanki. Yarinya ba ta yi laifin komai ba. Amma da sharaɗi: baɗi ke za ki kwaso mana kashin awaki, buhun mutane kuma ki bar musu abinsu."

Aka kai gara, dangin ango suka yi ta sa albarka. Wata tsohuwa ta ɗaga albasa ɗaya ta ce, "Ba ta da girma, amma ɗaya ta ishi tukunya. Hannun wa ya noma wannan?"

Gafiya ta buɗe baki, ta dubi Bushiya, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Na maƙwabciyata ne."

Darasin wannan labari shi ne, amfanin gona ba a girma ake gane shi ba, sai ya daɗe a ajiye. Taki da ruwa in sun wuce kima ɓarna suke yi, albasa kuma iska take so. Wanda ya yi noma don a yaba masa, ya toshe kunne ga shawara, ranar biki zai je aron abin da ya raina.