Kurege da Irin Kabewar Iya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Haka ake amsawa, kamar masu ciwon haƙori? Ni da na bar ban ruwan kubewata na zo na zauna muku, kubewar da duk unguwar nan babu mai irinta? To, na yafe. Ku matso.

A wani gari a bakin daji akwai wani Kurege, ana ce masa Jatau. Ya fara manyanta, ba shi da aiki sai zama a ƙofar gida yana taje jela. Jela kuwa Allah ya ba shi, wannan babu musu. Maƙwabciyarsa Bushiya ce, sunanta Tabawa. Tana da ɗan lambu a bayan ɗaki, bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Ba don sayarwa take yi ba, sha'awa ce kawai. Alayyafo a nan, yakuwa a can, attaruhu a jikin darni. Duk wanda ya wuce sai ya leƙa ya ce, "Kai Tabawa, hannunki da albarka!" Sai ta tsinko masa ganye ya tafi da shi.

Kullum Kurege yana jin wannan yabo ta kan darni. Shi kuwa ba wanda ya taɓa tsayawa ya yaba wa jelarsa. Ku faɗi gaskiya, in ku ne ba za ku ji haushi ba?

Sai bazara ta kama. Zafi ya yi zafi, hadari ya fara leƙowa daga gabas yana komawa. Sai Kurege ya ce shi ma bana lambu zai yi. Ya share fili a bayan gidansa, ya kewaye da ƙaya, ya kwaso kashin awaki ya zuba, ya sassare ƙasa da fartanya. Aiki dai ya yi, a ba shi haƙƙinsa. Saura iri.

Iri kuwa wurin Iya Kunkuru yake, wata tsohuwa a ƙarshen gari. A cikin gora take ajiye shi, ta cika da toka don kada ƙwari su ci. Tana da wata kabewa da ta gada wurin kakarta, ja a ciki, mai garɗi, in an yi taushe da ita ba a tambayar nama. Bara ɓera ya fasa goran ya yi ɓarna, ƙwaya uku kaɗai suka rage. Ga shi Iya ta tsufa, ba ta iya aikin lambu. Sai ta yi wa Bushiya alkawari, ran da ruwan farko ya sauka ta zo ta karɓa ta shuka.

Kurege ya ji wannan ma ta kan darni. Sai ya ƙi jiran ruwa, ya taje jela, ya kama hanya.

Ya ce, "Salamu alaikum, Iya. Ina gajiya?"

Iya ta ce, "Wa nake ji kamar Jatau? Ɗan nan, ba ni da gyaɗa."

"Haba Iya, kullum gyaɗa? Tabawa ce ta aiko ni. Ƙafa ke damunta. Ta ce ki ba ni irin kabewar nan in kai mata, za ta fara da ruwan rijiya."

Sai Iya ta zazzage toka a faifai, ta tsince ƙwaya uku, ta hure su, ta sa masa a hannu. Ta ce, "Ka gaya mata, ko da yake ta sani. Rami gaɓar yatsa biyu. Ƙwaya ɗaya a rami. Ruwa safe da yamma. Kwana bakwai kada a taɓa. Waɗannan in suka tafi, kabewar kakata ta tafi ke nan, babu inda za a sake samo ta."

"Kwana bakwai, Iya? Me take yi a cikin ƙasa har kwana bakwai?"

"Abin da take yi ba naka ba ne."

Sai Kurege ya dawo gida, ya wuce ƙofar Bushiya bai ko yi tari ba. Ya haƙa rami uku, ya sa ƙwaya ɗaya-ɗaya, ya rufe, ya kafa kara a kan kowane rami don ya gane wurin. Ya zuba ruwa. Sai ya tsuguna yana kallo.

Rana ta farko ya daure. Rana ta biyu ya zo kan karan farko, ya kara kunne a ƙasa, ya ce:

"Kabewa, kabewa,
kin tashi ko kina barci?"

Shiru. Sai ya ce, "Leƙawa kawai zan yi, leƙe ai ba taɓawa ba ne." Sai ya tona. Ya tarar ƙwaya ta kumbura, ta yi taushi. Ya ce, "Assha, kumburi! Ko ta lalace ne?" Sai ya ɗan gutsura don ya ji. Ba ta lalace ba. Sai ya sake gutsura don ya tabbatar. Da ya duba hannunsa, babu komai.

Saura biyu.

Kada ku yi masa dariya. Bincike ya yi, binciken ne ya zarce.

Rana ta uku ya daure. Rana ta huɗu ya zo kan kara na biyu, ya kara kunne, ya ce:

"Kabewa, kabewa,
kin tashi ko kina barci?"

Shiru. Sai ya tona. Ya tarar bakin ƙwaya ya tsage, wani farin abu siriri ya fito ya lanƙwasa ya nufi ƙasa. Ya ce, "Tsutsa! A lambuna?" Sai ya tsinke abin tsaf, ya mayar da ƙwayar rami, ya rufe, ya daddanna. Sai ya hau darni yana kaɗa jela.

Ya ce, "Tabawa! Fito ki ga aikin masana. Yau na ceci rai."

Bushiya ta fito, ta karɓi farin abin, ta juya shi a tafin hannu. Ta ce, "Jatau, wannan saiwa ce."

"Tsutsa ce."

"Saiwar kabewa ce. Ita ce ke fara fitowa kafin ganye. A ina ka samo irin kabewa?"

"Iya ta ba ni. Ta ce hannuna ya fi naki sanyi."

"Nawa ta ba ka?"

"Uku."

"Nawa suka rage?"

"Biyu, in an haɗa da wadda na yi wa magani."

Bushiya ta juya. Ta yafa mayafi ta nufi gidan Iya, ta gaya mata duk abin da ya faru. Iya ta ji, sai ta ja kanta cikin ƙoƙon bayanta. Ta daɗe ba ta fito ba. Can sai muryarta ta fito daga ciki, ta ce, "Cewa ya yi ƙafa ke damunki. Ni kuma na yarda. Tun ina yarinya nake cin kabewar nan, Tabawa. A hannuna za ta ƙare?"

Bushiya ta ce, "Saura ɗaya, Iya."

"To je ki ƙwato ta."

"Ba ta ƙwatuwa. Ita ma yanzu ta fid da saiwa, in aka ɗaga ta mutuwa za ta yi. Dole ta zauna inda take. In kuma na ce masa kada ya tona, ranar zai tona. Bar ni da shi."

Sai Bushiya ta dawo, ta ɗauki tsohon kwando da buta. Ta jira sai da Kurege ya tafi rijiya. Sai ta shiga lambunsa, ta zare kara na uku, ta kai shi can ƙarshen shinge ta kafa. Ta kife kwando a kan ramin gaskiya, ta hau ta zauna.

Kurege ya dawo da tulu. Ya ce, "Lafiya, Tabawa?"

"Na zo koyon aiki ne wurin masana."

Maganar ta yi masa daɗi. Ya duba ya ga kara a ƙarshen shinge. Ya ɗan yi jim, don kamar ba nan ya kafa shi ba. Amma ya za a yi malami ya ce ya manta a gaban ɗaliba? Sai ya je ya juye wa kara ruwa. Bushiya kuwa ta karkata buta tana wanke ƙafa, ruwa yana bi ta ramukan kwando yana shiga ƙasa. Da yamma ta sake wankewa.

Kurege ya ce, "Ƙafar nan taki ba ta fita ne?"

Ta ce, "Ai kai ka ce ƙafa ke damuna. Magani nake yi."

Sai Kurege ya shiga taje jela, bai ƙara tambaya ba.

Rana ta biyar ya zo kan kara na uku. Ya waiga ya ga Bushiya tana kallo, ya ce, "Ki lura da kyau, haka ake yi." Ya kara kunne:

"Kabewa, kabewa,
kin tashi ko kina barci?"

Shiru. Sai ya tona. Babu komai. Ya ƙara zurfi, babu komai. Ya tona har jelarsa kaɗai ake gani a waje. Ya fito da ƙasa a hanci, ya ce, "Ta gudu!"

Bushiya ta ce, "Ko ta matsa gaba? Gwada can."

Ya tona can.

"Ko wajen ƙayar nan?"

Ya tona wajen ƙaya. Haka ya wuni. Bushiya kuwa ko gida ba ta komawa, a kan kwando take dunƙulewa ta kwana.

Rana ta shida ya tone lambun kaf, gabas da yamma, kudu da arewa. Ko ciyawa ɗaya bai bari ba. Wuri ɗaya ya rage. Sai ya tsaya yana haki, ya dubi kwando, ya dubi Bushiya.

Ya ce, "Tabawa, ɗan tashi in duba ƙarƙashinki."

"Ƙafa ke damuna."

"Tashi mana, lambuna ne!"

"Zo ka ɗaga ni."

Sai ta dunƙule, ƙayoyinta suka miƙe. Ya kai hannun dama, ya janye yana yarfewa. Ya kai na hagu, ya janye yana tsotsa. Ya juya zai ture ta da baya, sai ya tuna da jela, ya fasa. Ya koma gefe ya zauna yana cewa a garin nan ba a san darajar maƙwabci ba.

Rana ta bakwai da safe hadari ya haɗu, wannan karon bai koma ba. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi. Yana ɗaukewa sai ga Iya a bakin shinge. Tun shekaranjiya ta taso daga gida, yanzu ta iso.

Sai Bushiya ta sauka, ta ɗaga kwando. Ga tsiro nan ya fasa ƙasa, ganye biyu masu kauri, ɓawon ƙwayar yana maƙale a kansu kamar hula.

Iya ta miƙa wuya ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ita ce. Alhamdu lillahi, ita ce."

Kurege ya yi tsalle ya ce, "Kun gani? Shukata! Bari in cire mata hular nan, ta matse ta."

Bushiya ta make masa hannu. Iya ta ce, "Ɗan nan, in ka taɓa ta, a kan jelarka zan zauna har kaka."

Sai ya mayar da hannu baya. Kwana biyu hula ta faɗi da kanta.

Kabewa ta samu ƙasar da aka tone mata ko'ina, ga taki, ga damina. Sai ta yi yaɗo, ta cika lambu, ta haye shinge, ta hau rufin ɗakin Kurege ta yi fure. Ta zuba 'ya'ya bakwai manya-manya. Kurege ya dawo da zamansa ƙofar lambu. Duk wanda ya wuce ya ce, "Kai Jatau, hannunka da albarka!" sai ya ce, "Aiki ne, aiki ne. Ba kowa zai iya ba." Bushiya tana ji ta kan darni, tana tsinkar yakuwarta.

Da kaka ta yi, Iya ta zo ta zaɓi wadda ta fi girma. Ba ta bari an taɓa ta ba sai da ta ƙosa sosai. Aka fasa, ta kwashe 'ya'yan, ta wanke, ta shanya a inuwa. Da suka bushe ta zuba su a sabon gora, ta cika da toka, ta toshe baki. Kurege ya goge hannu a jikinsa ya miƙo hannu biyu. Sai Iya ta miƙa wa Bushiya goran.

Kurege ya ce, "Iya, ni fa? A ƙasata ta fito!"

Iya ta ce, "A ƙasarka ta fito, a wurin da hannunka bai kai ba. Kai ga taushe."

Ya ci kwano uku yana mita. Ya ce an yi masa ƙwace da rana tsaka. Ya ce shi ya san gaskiyar magana: da bai tone lambun nan kaf ba, da kabewar ba ta tsorata ta fito ba. Har yau kuma bai sauka daga wannan magana ba. Shi ya sa in bazara ta yi, kuka yi shuka, sai ku wayi gari ku ga kurege ya bi layi ya tone. Ba sata ya zo yi ba, in ji shi. Dubawa yake yi ko ta tashi. In ta ɓace a bakinsa, wannan kuma binciken ne.

To, kun dai ji. In kun sa iri a ƙasa, naku shi ne ruwa safe da yamma, da tsare shi daga kaji da awaki. Abin da yake yi a ciki ba naku ba ne, ku ba shi kwanakinsa. Iri na ƙarshe kuma, ku san hannun da za ku sa shi.

Me kuke kallona? Wa ya gaya muku? Ni sau ɗaya tak na taɓa tona kubewata, shi ma don na ji kamar motsi ne a ciki. Yanzu ku ba ni hanya, rana ta yi sanyi, tana jiran ruwa.

Ƙurunƙus kan kurege, jelar kuwa a bar masa abinsa.