Kuluwa da Rogon da Ya Ƙi Ruɓewa

To, ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta da kunnuwanmu.

A wani gari an yi wata tsohuwa, Kuluwa, mai riƙon jikoki huɗu. Ba gero, ba dawa, sai gonar rogo a bakin fadama.

Ran nan ta je tonon rogo. Ganye kore shar. Ta tuge gindi ɗaya, sai saiwar ta fito a ruɓe, tana wari, farin zare ya nannaɗe ta. Ta tuge na biyu, haka. Na uku ma haka. Sai ta zauna dirshan, ta ce, "Sama lafiya lau, ƙasa mushe? Wannan wane irin abu ne?"

Sai ta nufi ramin Gafiya. Ta ce, "Ke ce!"

Gafiya ta leƙo, ta ce, "Iya, dubi haƙarƙarina. Kwana uku rabona da abinci. Ina ni ina ruɓaɓɓe?"

Sai ta je shuri, ta ce wa Gara, "To, ku ne!"

Gara ta ce, "Mu sai abu ya mutu muke zuwa. A mace muka same shi."

Sai ta tono Tana, ta ce, "Saura ke."

Tana ta ce, "Iya, ko haƙori ba ni da shi. Funfuna ce a cikin ƙasar. Inda ruwa ya kwanta, nan take yaɗo."

Kuluwa ta ce, "Nuna mini ita in rotsa mata kai."

"Ba ta da kai."

"To ƙafa?"

"Babu."

Kan Kuluwa ya ɗaure. Ta ɗebo ƙasa, ta duba, ta shinshina, ba ta ga kowa ba. Ta yi ta tuge rogo tana jifa tana kuka, har ta kai kunyar ƙarshe. Can akwai wani gajeren rogo mai jan kara, wanda ta cike gurbi da shi don irinta bai isa ba. Ta ja, ya ƙi. Ta sa fartanya. Sai ga saiwa fara tas, kamar damtse!

Ta ce, "Kai kuma fa? Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya. Me ka ci?"

Rogo ya ce, "Ban sani ba, Iya. Funfunar ta zo, ta lasa ni, ta wuce. Haka ta yi wa uwata."

Kuluwa ba ta gane ba, amma tukunya ta hau wuta ran nan. Ta ƙone ruɓaɓɓun. Ta sassare jan karan, ta dasa a kan tudu, kunya manya-manya. Da shekara ta zagayo, rogonta bai ruɓe ba, gari duk ya zo roƙon iri. Aka tambaye ta sirrin, ta ce, "Shi kansa rogon bai sani ba, balle ni. Ku dai karɓa."

Shi ya sa in cuta ta ci gona, kada ku tafi sai kun duba abin da ta bari. Shi ne irin baɗi.

Kurunkus, ta ƙare a gindin rogo.