Sharabin Kwana Bakwai

An yi wani mutum a nan Damanhur, zamanin da ake sayen burodi da milim ɗaya. Ba zan faɗi sunansa ba. Danginsa suna nan, ƙila ma wasu suna sahun gaba, ni kuwa ina so in koma gida lafiya.

Mai kayan ƙamshi ne da magungunan gargajiya, a layin da ke bayan kasuwar auduga. Ubansa ya rasu ya bar masa shago da riguna biyu da suna mai kyau. Ya dubi rigunan, ya dubi sunan, ya ga sunan ne kaɗai zai yi kuɗi a kasuwa.

Kun san garinmu. Inda ake gurzar auduga ba a rasa tari. Duk wanda ya yi kaka uku a gidan gurza, tarinsa kan riga shi yin sallama. Mutumin nan ya zauna a bakin shago yana jin gari yana tari tun asuba, sai ya ji kamar ƙarar kuɗi yake ji.

Ya haɗa wani ruwa mai kauri, ya ɗura a kwalabe masu ruwan ƙasa, ya raɗa masa Sharabin Faraj. A takardar jikin kwalbar akwai hoton wani likitan Istanbul mai gemu, wanda ko uwarsa ba ta taɓa ganinsa ba, don ba a haife shi ba. Ƙarƙashin hoton an rubuta: yana yanke tari a yini ɗaya, yana wanke huhu a kwana bakwai. Babba cokali biyu, yaro cokali ɗaya, jinjiri rabin cokali.

Me ke ciki? Zuma, da kanumfari, da citta kaɗan. Sai afyun, wanda mutanen ƙauye ke kira uban barci. Shi kaɗai yake dafa uwar maganin, a wani ɗaki a saman soron gidansa, ya zuba a tulu ya rufe. In zai ɗura kwalabe, ludayi ɗaya na uwa, tara na ruwan zuma. Bai taɓa gaya wa kowa wannan awon ba, ko matarsa Wahiba, ko mahaifiyarsa Hajja Nabawiyya da ke riƙe da gidan.

Ya 'yan uwa, maganin yana yanke tari. A nan bai yi ƙarya ba. Mai tarin fuka ya sha, ƙirjinsa ya yi shiru, ya yi barci, ya gode wa Allah, ya gode wa likitan Istanbul. Ciwon kuwa yana ciki yana aikinsa, ba mai damunsa. Kamar ka ɗaure bakin kare ne don kada haushinsa ya tashe ka, ɓarawo kuma yana tsakar gida.

A lokacin, in nonon mace ya ƙafe, gidan masu hali kan ɗauko mai shayarwa daga ƙauye ta hannun dillaliya. Tsofaffi ba sa karɓa sai sun gwada. A ɗiga nononta a kan farcen babban yatsa, in ya tsaya cak bai malale ba, nono ne mai kyau. Sannan a zaunar da ita kusa da kaskon turare tun hantsi har azahar. In ta yi tari ko sau ɗaya, a ba ta kuɗin jirgin ƙasa ta koma garinsu. Gwaji ne na hankali, ya tsare jarirai masu yawa.

Wata rana wata dillaliya ta zo shagonsa, ta jira mutane suka ragu, ta rage murya ta ce, "Ya Mu'allim, nawa mace za ta sha don kada hayaƙi ya tona ta?"

Ya ɗaga kai yana kallon rufi, ya ce, "Ni ban ji tambayarki ba, ya Hajja. Amma da na ji, da na ce cokali uku, kafin ta shiga gidan da ɗan jimawa."

Ta sayi kwalba goma sha biyu. Shi ke nan. Shi ilimi ba ya zama wuri ɗaya. Kafin shekara ta juyo, babu dillaliyar da ba ta san cokali uku ba.

Shekara goma sha ɗaya Wahiba ba ta haihu ba. A ta goma sha biyu Allah ya ba su ɗa namiji. Suka sa masa Shihata, sunan mabarata, don kada ido ya kama shi. Bayan suna da 'yan kwanaki, mutumin ya tafi Alkahira sayo kwalabe da sa talla a jarida. Yana can zazzaɓi ya kama Wahiba, nono ya ɗauke. Hajja Nabawiyya ba ta jira kowa ba. Ta aika aka kawo wata mata mai suna Shalabiyya, wadda mijinta ya mutu da ciwon ƙirji a gidan gurza, jinjirinta kuma ya bi shi. Aka ɗiga nono a farce, ya tsaya. Aka turara ta har azahar, ko gyaran murya ba ta yi ba.

Mutumin ya dawo bayan sati uku, da tsaraba niƙi-niƙi. Shalabiyya ta durƙusa ta sumbaci hannunsa, ta ce, "Sannu da zuwa, ya Sidi." Numfashinta ya buge shi. Kanumfari da zuma, da wani ɗaci-ɗaci a ƙarƙashi wanda hancinsa ya fi na kowa sani. Ya dubi idanunta, ƙwayar ta tsuke kamar bakin allura. Ya dubi wuyanta, ƙasusuwa sun fito. Ya dubi ɗansa a cinyarta, yana barci baki buɗe.

Hajja ta ce, "Ka ga yaron nan? Tubarkalla, ban taɓa renon irinsa ba. Sai an tsungule shi yake tashi ya sha nono. Kai da kana kamarsa har maƙwabta sai da suka kai ƙararmu."

Ya ja ta gefe ya ce, "Umma, a sallami matar nan yau."

"Don me? Sata ta yi?"

"Ƙirjinta ba lafiya."

"Wannan ai tsohon zance ne. Ita da bakinta ta gaya mini, bayan ta kwana biyu, tana kuka. Na ce share hawayenki, baiwar Allah, kin faɗo gidan magani. Na sa ta sha naka kwana bakwai cur, har na ƙara mata bakwai na ladan gaskiya. Ko ba kwana bakwai ka rubuta ba? Ko karatun ne Wahiba ta manta?"

Ya 'yan uwa, a nan ne Allah ya buɗe masa ƙofa. Magana ɗaya ce: Umma, maganin ƙarya ne. Da ya faɗe ta, da yaron nan ƙila yau shi ke sahun gaba.

Amma ya san uwarsa. Abin da ta ji da azahar, layi ya ji da la'asar. A layin nan kuwa akwai gida huɗu da aka fitar da gawa, kwalbarsa tana ajiye wajen matashin kai. Ɗaya gidan Dahshan mahauci ne, wanda ya binne 'yarsa mai shekara tara, kuma har ranar yana aiko masa da hanta kyauta don ta yi barcinta na ƙarshe ba wahala. Ya tuna hannun Dahshan, ya tuna abin da ke hannun kullum. Ya haɗiye maganar. Ya ce, "Haka na rubuta, Umma."

Mai wayo ba ya tuba, dabara yake nema. Ya ɗauki kwalbar da ke ɗakin Hajja a ɓoye, wadda har lokacin ake ba Shalabiyya, ya zubar, ya cika ta da ruwan zuma zalla. Lissafinsa: tarin matar zai dawo, tsohuwa za ta ji da kunnenta, ta kore ta da kanta, shi kuma sunansa ya tsira.

Rabin lissafin ya fito daidai. Kwana biyu, Shalabiyya ta fara tari irin mai girgiza kafaɗa, tana ɓoye bakin mayafin da jini ya ɓata a tafin hannu. Amma bai lissafa da jinjirin ba. Yaron da ya sha uban barci a cikin nono sati uku, da aka yanke masa sai ya buɗe baki. Ya yi ta tsala ihu, yana karkarwa, yana gumi, ya ƙi nono, ya ƙi goyo. Wahiba tana kwance tana kuka, tana cewa, "Abu Shihata, kai ne mai magani, yi wani abu mana!" Yana cewa, "Haƙuri, ciwon ciki ne na jarirai, zai wuce."

Ranar Juma'a ya sa farar riga ya tafi masallaci, yana gaya wa kansa yau tsohuwa za ta gaji. Liman ya yi huɗuba a kan tauye mudu. Mutuminmu ya yi ta gyaɗa kai. Ya san masu yin haka da yawa.

Tsohuwa kuwa ta gaji, amma ba yadda ya zata ba. Ta ɗanɗana kwalbar, ta ce wannan ta sha iska, ta salamce. Makullan gidan duka suna ɗaure a ƙugunta tun ranar da aka kawo ta amarya. Shekara shida ba ta hau soro ba saboda gwiwa, shi ya sa bai taɓa damuwa da makullin ɗakin ba. Ranar ta hau, da rarrafe, mataki-mataki, saboda jikanta. Ta buɗe tulu, ta ji ƙamshin da ta sani, ta ce ga sabo nan daga tushe. Ta ɗebo a finjali. Ta sa aka sake karanta mata takardar don kada ta yi kuskure. Jinjiri rabin cokali. Ta auna rabin cokali daidai, ta yi bisimilla.

Ya dawo daga masallaci. Tun daga zaure bai ji kuka ba. Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa yana saurare. Hajja ta fito tana murmushi, hannu a gwiwa, ta ce, "Ka ji gida ya yi shiru? Na hau soronka da kaina. Allah ya yi maka albarka, kai da tulunka."

Ya faɗa ɗakin. Yaron yana kwance, leɓɓansa sun yi shuɗi-shuɗi, yana jan numfashi ɗaya, ya daɗe, ya daɗe, sannan ya ja wani. Ya sungume shi ya fita a guje, ba hula, ta tsakiyar kasuwa, daidai lokacin da jama'a ke fitowa daga sallah. Mutane suka bi shi. Dahshan ma ya bar rumfarsa ya bi, don maƙwabci ne na kirki.

Dakta Butrus yana cin abincin rana aka buga masa ƙofa. Ya shimfiɗa yaron a tebur, ya ɗaga fatar idonsa, ya ce, "Me aka ba shi?"

"Sharabina ne, ya Dakta."

"Me ke cikinsa?"

Ƙofa a buɗe take. Mutane sun cika ta har kan titi, Dahshan a gaba, yana haki.

"Zuma ce da kanumfari."

"Zuma ba ta tsuke ido haka. Ya Mu'allim, ba ni da lokacin wasa. In ban san abin da ya sha ba da yawansa, ban san abin da zan yi ba. Me ke ciki?"

Ya waiga ya dubi ƙofa. Ya 'yan uwa, ya waiga! Ɗansa yana kan tebur, numfashi yana tsinkewa, shi kuwa yana duba wa ke ji. Sai da likita ya daka masa tsawa karo na uku sannan ya ce, "Afyun ne. Uwar ce, ba a sirka ba. Ninki goma."

Likita ya yi abin da zai iya, ya wanke cikin yaron, ya hura masa numfashi, ya yi ta murza ƙirjinsa da yatsu biyu. Ana kiran la'asar Shihata ya cika. Kwanansa arba'in da ɗaya a duniya.

Dahshan bai taɓa shi ba. Ya matso kusa, ya ce, "Tawa ma barci ta yi, ya Mu'allim. Har godiya na yi maka a gaban mutane." Ya juya ya fita. Shi ne ya kira 'yan sanda.

Aka rufe shagon, aka fasa tulun, aka ɗaure shi shekara biyar. Wahiba ta koma gidan 'yan uwanta. Shalabiyya ta rasu a asibitin masu ciwon ƙirji kafin kakar auduga. Hajja Nabawiyya ta rayu shekara biyu, ba ta ƙara riƙe cokali da hannunta ba, sai an ba ta abinci a baki. Da ya fito ya aika mata gaisuwa, aka ce ai an daɗe da binne ta.

To, wa ya kashe yaron nan? Tsohuwar da ta auna daidai? Matar da yunwa ta koro daga ƙauye? Ko ɗaya cikinsu ba ta yi komai ba sai gaskata shi. Mai algus yana ganin yana da shinge, ƙarya ta tsaya a kasuwa, gaskiya ta zauna a gida. Babu wannan shingen. Mutanen gidanka su ne farkon masu yarda da kai, don haka su ne farkon masu shan abin da ka dama.

Kuma kada ku tsaya a kan tulun. Mutum kan yi zunubi, Allah yana karɓar tuba. Abin da ya hallaka shi kwana huɗun nan ne da ya yi da gaskiya a bakinsa, yana tauna ta, yana neman hanyar da zai tsira da ɗa da suna gaba ɗaya. Wane ne a cikinmu ba shi da wata magana irin wannan da ya ajiye, yana jiran ranar da faɗinta ba zai ci masa komai ba? Ranar ba ta zuwa. Mai shago, mai awo, mai ba da magani, mai wa'azi ma, kowa ya koma ya duba abin da ya rubuta a jikin kwalbarsa, ya tambayi kansa ko zai yarda a karanta wa uwarsa.

Allah ka tsare mu daga cin abinci da ciwon bayinka. Ka ba mu ƙarfin faɗin gaskiya tun tana da amfani. Ka jiƙan waɗanda suka yarda da mu suka cutu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mana zuriya. Amin.