Kwaɗo Biyu a Ƙofar Gidan Uba

Akwai wani makiyayi a wani ƙauye da ke gindin dutse, yana da garken tumaki da 'ya'ya biyu maza. Babban sunansa Dogara, ƙaramin kuwa Jatau. Uwarsu ta rasu tun suna samari, sai uban ya zame musu uwa da uba.

Tsohon nan yana da wata al'ada. In rana ta yi ja, sai ya tsaya a tsakar gida, ya zuba dusa da kanwa a komi, ya ƙwanƙwasa gefen komin da sandarsa, ya yi fito. Duk inda tumakin suke sai su ɗago kai su kamo hanya. Wata tsohuwar tunkiya mai baƙin kunne ce kullum a gaba. Su shigo ta zaure, kowace ta nufi wurinta a ƙarƙashin rumfa. Sa'an nan uban ya wanke hannu, ya zauna a ƙofar ɗakinsa, shi da 'ya'yansa su sa hannu a akushi ɗaya. Ko da suka yi aure, Dogara ya gina gidansa a gabas, Jatau a yamma, ba su fasa zuwa cin tuwon nan ba.

Ana nan, wata shekara Dogara ya tafi cin rani. Yana can ciwo ya kama tsohon. Jatau ya dawo zauren da kwana, shi ke juya shi, shi ke ba shi kunu a baki. Kafin saƙo ya isa, kafin Dogara ya iso gida, an riga an binne uban. Ya tarar da tabarmin makoki a shimfiɗe, bai tarar da fuskar da ya zo gani ba.

Bayan an share makoki, dattawan ikilisiya da na dangi suka zauna rabon gādo. Jatau ya ce uban ya bar masa wasiyya yana kwance, cewa ya riƙe gidan kada ya mutu. Dogara ya tambaya wa ya ji. Babu wanda ya ji. Ya ce shi ne ɗan fari, kuma tun kakanni ɗan fari ke zama a gidan uba. Amma ba gidan ne kaɗai ke cin ransa ba. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne, ƙanensa ya sami maganar uba ta ƙarshe, shi kuwa bai sami ko kalma ɗaya ba. Wannan bai iya faɗa a gaban mutane ba, sai ya faɗi wani abu dabam.

Ya ce, "Ka jira na ba da baya, ka zauna a kunnen tsoho kana zuba masa abin da kake so. Daga yau kada bakinka ya ƙara kiran sunana."

Fasto ya yi magana, dattawa suka yi, abin ya gagara. A ƙarshe aka ce to a rufe gidan, kada kowa ya shiga sai ran da suka shirya. Dogara ya kawo sarƙa da kwaɗo ya kulle ƙofar zaure. Jatau ma ya kawo nasa ya kulle. Kowa ya tafi da mabuɗinsa.

Tumakin kuwa, don kada a ce an yi son kai, aka riƙa fito da su ɗaya ɗaya, wannan ta yi gabas, ta bayanta ta yi yamma. Su da suka tashi cikin garke sun san ba haka ake raba tumaki ba, amma fushi ya hana su dubawa. Sai uwa ta faɗa hannun wa, ɗanta ya faɗa hannun ƙane. Tsohuwa mai baƙin kunne ta faɗa rabon Dogara.

Tumaki dai ba su san an yi rabo ba. Washegari da rana ta yi ja, babu wanda ya ƙwanƙwasa komi, babu wanda ya yi fito, amma mai baƙin kunne ta ɗago kai ta kama hanya, na gabas suka bi ta. Na yamma ma suka tsinke daga nasu wajen. Suka haɗu a ƙofar gidan da aka kulle, 'yan raguna suka ruga wurin iyayensu, sauran suka kwanta suna fuskantar ƙyaure suna jira a buɗe.

Haka ya zama musu aiki. In an ɗaure su su kwana kuka, in an sake su su koma. Dole kowace yamma wa da ƙane su zo su raba su. Dogara yakan tsaya can nesa, a gindin wata tsamiya, ya kira nasa. Jatau yakan shiga tsakiyarsu ya koro masa su. Dogara bai taɓa matsowa kusa da ƙofar ba, ko kallonta ba ya so ya yi, domin in ya kalle ta sai ya ga kamar yanzu tsohon zai fito yana gyara hula.

Akwai ƙanwar ubansu, Gwaggo Kande, gidanta na kallon wurin. Takan zauna a dakali tana tsinkar zogale tana kallonsu. Wata rana ta ce wa Dogara, "Kai mai gabas, ka zo gaida tsamiya? Dabba ta san ƙofar gidanku, kai da aka yanke wa cibiya a ciki ka mance. In ka ga dama ka tambayi mai baƙin kunne, ta nuna maka hanya."

Ya yi murmushin dole, ya ce Gwaggo ba ta san abin da aka yi masa ba. Ta ce ta sani sarai, ta kuma san jinkar ɗakin wanta ta tsufa, in ba a baibaye ta ba damina za ta ci ɗakin. Ya ji maganar har cikin ƙashinsa. A ɗakin nan aka haife shi. Yana so ya shiga ko sau ɗaya, ya zauna a bakin gado, ya ji ko da sauran ƙanshin tsohon a jikin rigunansa. Mabuɗin yana rataye a wuyansa, yakan taɓa shi ta cikin riga. Amma sai ya ce a ransa, in na buɗe nawa me ya ƙaru, ga na wancan a kulle? Shi ne ƙarami, shi ya kamata ya fara zuwa.

Damina ta zo ta wuce. Aka yi girbi, rani ya shiga ya fita.

Ran nan, farkon wata daminar, hadari ya haɗo daga gabas. Dogara ya tsaya a gindin tsamiya ya kira, nasa suka taso, amma mai baƙin kunne ba ta tashi ba. Tsufa ya ci ƙarfinta. Ta kwanta ta ɗora haɓa a kan dokin ƙofa. Jatau ya taɓa ta, ta ƙi motsi, shi kuwa ba zai ɗauki abin da ba nasa ba. Iska ta fara kaɗawa. Ba yadda Dogara zai yi, sai ya tako ya zo har bakin ƙofar, karo na farko tun ran da ya kulle ta.

Ya sunkuya zai ɗauke ta, sai idonsa ya sauka a kan sarƙoƙin. Kwaɗonsa na nan a kulle gam. Na Jatau kuwa a buɗe yake, an saƙale shi kawai. Ya yi tsatsa a buɗen, har zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a bakin.

Dogara ya daɗe a sunkuye. Sa'an nan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Tun yaushe?"

Jatau ya ce, "Tun kafin daminar bara, Yaya. Na ga jinkar Baba ta fara zubewa. Har shuci na yanko na tara a bayan gida, ya ruɓe a can."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Ka ce kada in ƙara kiran sunanka. Na ce a raina kullum kana zuwa, za ka gani."

Dogara ya ciro mabuɗin daga wuyansa. Kwaɗon ya ƙi, sai da Jatau ya riƙe masa sarƙar. Suka tura ƙyauren. Tumakin suka kutsa ta tsakanin ƙafafunsu, na gabas da na yamma, kowace ta nufi wurinta na dā a ƙarƙashin rumfa. Dogara ya ɗauko mai baƙin kunne a ƙirjinsa ya ajiye ta a gaban komi.

Sa'an nan suka juya wajen ɗakin uban. Jinkar ta rufta, bango ɗaya ya kwanta, ciyawa ta tsiro a inda gadon yake. Gara ta cinye rigunan da tabarma. Babu ƙanshin kowa, sai na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sandar tsohon kaɗai suka samu a jingine a zaure, inda ruwa bai kai ba.

Ruwa ya sauko. Suka tsaya a zauren kafaɗa da kafaɗa. Can Dogara ya ce, "Jatau, da zai tafi, ya ambace ni?"

Jatau ya ce, "Kullum da yamma sai ya ce in leƙa hanya ko kai ne. Ya ce in riƙe gidan kada ya mutu, ka dawo ka tarar da wuta a murhu. Ban kai nan ba ka katse ni."

Dogara ya rufe fuskarsa da hannun riga. Da ya sami kansa, ya ɗauki sandar, ya fita cikin ruwan, ya ƙwanƙwasa gefen komi, ko da yake babu komai a ciki. Tumakin duka suka ɗago kai.

To, 'yan'uwa ƙaunatattu, ga ma'anar wannan misali. Gidan nan shi ne zumuncin da iyaye suke bar mana, wanda ya fi gona da garke, kuma in an rufe shi ba ya tsayawa yadda aka bar shi, rushewa yake yi a hankali. Kwaɗo biyun su ne fushin da kowa ke riƙe da shi. Tumakin kuwa su ne kewar da Ubangiji yake sawa a zuciyarmu, wadda kowace yamma take jan mu zuwa ƙofar da muka rantse ba za mu koma ba. Kada ku ɗaure ta, daga wurinsa take.

Da yawa a cikinmu muna tsaye a gindin tsamiya. Tun rabon gādo ba mu taka gidan ɗan'uwa ba, muna zama a benci dabam a majami'a, muna cewa shi ya kamata ya fara. Mai yiwuwa ya riga ya fara, nisan da muka tsaya ne ya hana mu gani. Haka Ubanmu na sama ya yi da mu: ya buɗe nasa gefen ta wurin Almasihu tun ba mu roƙa ba, abin da ya rage kulle namu ne.

Dogara ya sami ƙanensa, amma ɗakin da ya yi marmarin shiga bai same shi ba, kuma ba zai ƙara samunsa ba. Kai da ke da mabuɗi a wuya, kada ka jira wata damina. Matsa kusa ka duba ƙofar.