Ƙafafun Auta

Akwai wani tsohon direban babbar mota da ya shekara talatin a bayan sitiyari, har bayansa ya ƙage kamar katako. Mutum ne mai kafiyar tsiya. In ya ce a'a, ko da kuskure ya faɗa, a nan zai kafe.

Ranar da autansa ya ce ya bar koyon tuƙi zai koyi tausa, direba ya yi masa dariya a gaban mutane.

"Duk sana'o'in duniya ka rasa sai matsa jikin ƙarti? In ka tafi, kar ka sake nuna mini fuskarka."

Auta ya tafi. Shekara shida ba su sa juna a ido ba. Kewa ta ci direba ƙwarai, amma girman kai ya ɗaure masa baki. Ko ƙofa aka ƙwanƙwasa sai ya leƙa ko Auta ne.

Ciwon baya kuma ya matsa, har sunkuyawa ta gagare shi. 'Yarsa ta ce, "Baba, likita ya ce tsoka ce ta dunƙule, sai an yi maka tausa mai shiga jiki. Kuma ka san wanda ya iya."

Ta faɗa masa sunan wurin da Auta yake aiki. Ya harare ta, amma ya riƙe sunan.

Da ya je, sunan bogi ya bayar. Gadon tausa yana da rami inda ake sa fuska, sai ya yi sauri ya kifa fuskarsa a ciki, ya ja tawul ya rufe kansa kafin mai tausa ya shigo. Ta ramin, ba ya ganin komai sai ƙasa. Can sai ga ƙafafu cikin silifas, ƙaramin yatsan hagu ya hau kan ɗan'uwansa. Yatsan nan da shi aka haifi Auta.

Auta ya shafa mai, ya kafa gwiwar hannu a kan dunƙulen.

"In ya yi zafi kar ka ƙanƙame jiki. Ja numfashi, ka saki."

Direba bai ce uffan ba, sai nishi, don kada murya ta tona shi. Hawayensa na ɗiga a ƙasa, yana fatan a ɗauka zafin tausa ne.

Mako huɗu, baya ya warware. Amma direba bai daina zuwa ba. Awa guda yana kallon ƙafafun ɗansa ta fi masa komai a mako.

A mako na shida, Auta ya taɓa bayan, ya ɗauke hannu.

"Tsokar nan ta daɗe da saki. Baba, ka juyo."

Daga cikin ramin direba ya ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farko. Ka manta in ka dawo daga tafiya kana cewa in hau in taka maka? Ga tabon ƙarfen mota nan a kafaɗarka. A bayan nan na fara koyon aikin."

"To me ya hana ka magana?"

"Kai ka ce kar in nuna maka fuskata. Jira nake ka janye."

Direba ya ja numfashi ya saki, yadda aka koya masa. Ya juyo a hankali, ya daɗe yana kallon ɗansa.

"Na janye," ya ce. "Ashe har gemu ka ajiye ban sani ba."

Darasi: Kada ka raina sana'ar ɗanka ta halal, wataƙila a hannunsa sauƙinka yake. Kuma in fushi ya sa ka furta kalmar da ta raba ka da naka, janye ta tun kuna da rai, kada ka ƙare da kallon ƙafafunsa. Ku tura wa wanda kuka san kewa na cinsa amma ya kasa juyowa.