Biyun da ke Bayan Baka

Akwai wani shugaban ɗakin gwaji a wata masana'antar taki, ma'aikata suna ce masa Na-Sani a bayan idonsa. Yayarsa ce ta ɗauki nauyin karatunsa da lambun tumatirinta, kuma har yau da lambun take ciyar da marayunta huɗu.

A ɗakin akwai wani dattijo mai wanke kwalabe. Shekara ashirin ya yi yana koyar da kimiyya kafin a rufe makarantarsu, amma Na-Sani ko gaisuwarsa ba ya amsawa.

Wata rana aka haɗa sabon taki. Aikin Na-Sani ne ya lissafa kashi nawa cikin ɗari na nauyin takin ne naitirojin, sinadarin da ke ciyar da shuka, domin da wannan ake gaya wa manomi yawan da zai zuba. Ya rubuta alamar takin a allo, (NH₄)₂SO₄, ya lissafa: nauyin naitirojin 14 a raba da nauyin takin duka 132, kashi goma sha ɗaya.

Dattijon yana goge tebur, sai ya tsaya.

"Yallaɓai, a duba (NH₄)₂SO₄ ɗin nan. Akwai biyu a bayan bakan da ya rufe NH₄. Naitirojin biyu ne, nauyinsu 28, kashi ashirin da ɗaya ke nan. In aka bar sha ɗaya, manomi zai zuba ninkin abin da ya kamata."

Na-Sani ya yi dariya. "Ku ji mini tsoho. Yau soso ke koya wa digiri karatu."

Ya ɗauki bokitin ruwan wanki ya juye a ƙasa a gaban kowa. "Ga naka lissafin. Durƙusa ka goge."

Dattijon ya durƙusa ya goge tas. Kafin a tashi aiki an sallame shi. Wannan rashin imani har yanzu yana ci mini rai.

Don burga, Na-Sani ya ɗauki buhu biyu na farko ya kai wa yayarsa, ya rubuta mata awon da hannunsa. "Yaya, bana sai kin rasa kwandon zubawa."

Kwana biyar, ganyen ya ƙone kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ko kunya ɗaya ba ta tsira ba.

Da labari ya kai masana'anta aka sake lissafi. Aka kori Na-Sani, aka nemo dattijon aka ba shi allon. Amma wannan bai dawo da lambu ba.

Na-Sani ya tarar da yayarsa zaune a bakin kunya, takardarsa a hannunta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ƙanena, ni ban yi boko ba, kai na tura ka yi. Yadda ka rubuta haka na zuba, ko cokali ban rage ba. Shiga ka gaya wa yaran nan abin da za su ci."

Darasi: Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya raina mai yi masa gyara, nasa ne za su fara shan wuyar kuskurensa. Ku tura wa duk wanda yake ganin ya fi ƙarfin a ce masa "sake duba".