Saraya da Piyanon da Ta Bari

An ce a Wusasa an yi wata ungozoma, Saraya, wadda da ƙuruciya ta gwanance da kaɗa piyano, aiki da reno suka raba su. Da aka sa ranar bikin autarta, ta yi alkawarin ita za ta kaɗa a coci. Ta buɗe piyanon, kunne ya tuna waƙa, yatsu suka ce ba su san zancen ba. Ta zauna, ta tashi, ta koma ta afka wa waƙa mafi wuya, har wuyan hannunta ya kumbura.

Tsohuwar kyanwarta, da ke kwance kan littattafan waƙa, ta ce, "Uwar ɗakina, kada ki zama Gagarau."

Saraya ta ce, "Wane ne shi? Faɗi da sauri."

Kyanwa ta ce, "Ɗan kokawa ne da ya daɗe yana fatauci a Kurmi. Ran da ya dawo gida ya ji ganga, ya ɗaura warki. Gwaggonsa ta tare ƙofa, ta ce, 'Ɗan nan, ba ka ji labarin Tanko mai saura ba?' Ya ce, 'Ban ji ba, Gwaggo.'

"Ta ce, 'Tanko ya koma gonar da ya bari ta zama saura. Aka ce ya yi sassabe, ya ce ai gonar ta san shi. Ya shuka gero cikin ciyawa, da kaka ya girbe ƙaya. Ƙasa ba ta san jiya ba, fartanyar yau ta sani.'

"Gagarau ya yi dariya, ya shiga fili. Zuciya ta tuna kamu, ƙugu ya manta. Wani sabon jini ya maka shi da ƙasa, kafaɗa ta goce, bai sake kokawa ba. Sauri ya haifi nawa, uwar ɗakina. Kafaɗarsa ita ce hannunki."

Saraya ta dubi kumburin, ta dubi piyanon. Ta ce, "To bikin fa? Ya matso."

Kyanwa ta ce, "Amarya uwarta take so ta ji, ba gwaninta ba. Da rarrafe yaro kan tashi."

Saraya ta janye hannunta daga piyanon. Can ta nisa, ta ce, "Na ji. Bari hannun ya saɓe, in fara da hagu ita kaɗai, sannu sannu. Ɗaga mini, littafin 'yan koyo nake so, kin kwanta a kansa."